Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Dakta Rashad al-Alimi a Kan Murabus ɗin da Aka Yi a Riyad

Zuwa ga Mai Girma Dakta Rashad Muhammad al-Alimi,
Shugaban Majalisar Shugabancin Ƙasar Yaman.

Tare da addu'ar Allah Ya kawo wa mutanen Yaman ƙarshen fitinar da ta daɗe tana cin su, manufar wannan wasiƙa ita ce jawo hankalin Mai Girma Shugaba zuwa ga wani al'amari da mutane da yawa suke ɗauka ya riga ya wuce, alhali kuwa a kansa ne kujerar da yake zaune a kai take tsaye, wato yadda wanda ya gada, Shugaba Abdurabbu Mansur Hadi, ya yi kwanakinsa na ƙarshe a kan mulki a birnin Riyad, da yadda ya sauka a ranar 7 ga Afrilu, 2022. Masu magana da harshen Hausa ba baƙi ba ne ga sunan Yaman, domin tarihin baka na maƙwabtansu mutanen Borno yana danganta gidan sarautar Saifawa da Saifu ɗan Zi Yazan, sarkin Yaman na zamanin da, kuma zuriyar mahajjatansu da suka zauna a ƙasar Saudiyya suna cuɗanya da Yamanawa a kasuwa da masallaci. Abin da ya fi wannan ba su damar tsoma baki shi ne sun ga saukar shugabanni iri-iri a Najeriya da Nijar, wasu da ƙafarsu wasu a bakin bindiga, har sun san abin da kowace irin sauka take haifarwa.

A Hausa akwai kalma guda da ta dace da abin da ya faru a Riyad, ita ce murabus, wadda ke nufin mai sarauta ko mai muƙami ya ajiye rawaninsa da kansa yana da rai. A zahirin ma'anarta akwai son rai a ciki, amma tarihi ya koya wa Bahaushe ya saurare ta da kunne biyu. A shekarar 1963, bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani jami'inta Bature mai suna Muffett ya yi a kan kuɗin Hukumar Gargajiya ta Kano, an sanar da jama'a cewa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus, aka kuma kai shi Azare inda ya zauna shekaru kusan ashirin kafin ya dawo ƙasar Kano ya zauna a Wudil. Takarda ta ce murabus, amma Kanawa ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin zaɓin sarkinsu ba, kuma raunin bai warke ba har ya sake tashi a zamanin jikansa, Muhammadu Sanusi na biyu, wanda aka tuɓe a ranar 9 ga Maris, 2020. Saboda haka duk lokacin da aka ce wa Bahaushe wane ya yi murabus, abin da yake fara tambaya shi ne: shi ya yi, ko sa shi aka yi?

Mulkin Shugaba Hadi daga Riyad ya faro, a Riyad kuma ya ƙare. A ranar 3 ga Yuni, 2011, bom ya tashi a masallacin fadar shugaban ƙasa a Sana'a ana sallar Juma'a, ya ji wa Shugaba Ali Abdullah Saleh rauni mai tsanani, kuma Mai Girma Shugaba da kansa yana cikin waɗanda suka jikkata aka kai su jinya Saudiyya. A ranar 23 ga Nuwamba na wannan shekara, a gaban Sarki Abdullah na Saudiyya, Saleh ya sa hannu a Riyad a kan yarjejeniyar da ƙungiyar ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha ta tsara, wadda ta tanadi ya miƙa ikonsa ga mataimakinsa, shi kuma a ba shi rigar kariya, wato alkawarin cewa ba za a gurfanar da shi a gaban kotu ba kan abin da ya aikata cikin shekaru 33 na mulkinsa. An yi zaɓe a ranar 21 ga Fabrairu, 2012, Hadi ne kaɗai ɗan takara, kuma abin da aka ba shi riƙon ƙwarya ne na shekara biyu, ma'ana mulkin wucin gadi da ake damƙa wa mutum amana kafin a tsara na dindindin. A bikin da aka yi a fadar Sana'a a ranar 27 ga watan, Saleh ya miƙa masa tutar ƙasa a naɗe, hannu da hannu, a gaban jakadu da manyan ƙasa, shi kuma sabon shugaban ya bayyana fatan cewa bayan shekara biyu zai tsaya a inda Saleh ya tsaya, wani sabo ya tsaya a inda shi yake tsaye.

Wannan fata bai cika ba, shekara biyu ta zama goma. Babban taron tattaunawa na ƙasa mai wakilai 565, wanda ya zauna daga Maris 2013 zuwa Janairu 2014, ya ƙara masa wa'adi. 'Yan tawayen Huthi suka shiga Sana'a a ranar 21 ga Satumba, 2014. A Janairu 2015 suka yi masa ɗaurin talala, wato tsare mutum a gidansa ba tare da an kai shi kurkuku ba, ya rubuta takardar murabus, sannan ya janye ta bayan ya sulale zuwa Aden a watan Fabrairu, yana mai cewa a ƙarƙashin tilas ya rubuta. Wannan batu yana da nauyi ga abin da zai biyo baya, domin duniya ta karɓi hujjarsa cewa murabus ɗin dole ba murabus ba ne, kuma a kan haka ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jaddada halaccinsa a ƙuduri mai lamba 2216 na Afrilu 2015, bayan ya isa Riyad a ƙarshen Maris jiragen ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta sun fara ruwan wuta. Daga nan mafi yawan shekaru bakwai da suka rage masa a Riyad ya yi su, yana mulkin ƙasar da ba ya kwana a cikinta.

Kwanakin ƙarshe sun zo ne a farkon azumin shekarar 1443 ta Hijira. A ranar 2 ga Afrilu, 2022, wadda ita ce ɗaya ga Ramadan, yarjejeniyar tsagaita wuta ta wata biyu da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, Hans Grundberg, ya ƙulla ta fara aiki, ta buɗe hanyar jiragen ruwan mai zuwa tashar Hudaida, ta kuma yi alkawarin tashin jiragen fasinja daga Sana'a. A daidai lokacin ɗaruruwan 'yan siyasa da shugabannin ƙabilu da kwamandojin Yaman suna Riyad suna halartar taron tuntuɓar juna da ƙungiyar ƙasashen Tekun Fasha ta kira tun ƙarshen Maris, taron da 'yan Huthi suka ƙi zuwa domin a ganinsu ba a yin sulhu a gidan abokin gaba. Cikin daren da ya wayi garin Alhamis, shida ga Ramadan, lokacin da masu azumi ke tsakanin barci da sahur, tashar talabijin ta gwamnati ta nuna shugaban yana karanta gajeren jawabi, inda ya sauke mataimakinsa, Janar Ali Muhsin al-Ahmar, ya kuma miƙa dukkan ikonsa ga majalisar shugabanci mai mutum takwas, miƙawar da aka rubuta cewa babu janyewa a cikinta. Babu taron jama'a, babu zauren majalisar dokoki, babu tuta a naɗe. Kafin rana ta faɗi an nuna Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya yana karɓar sababbin shugabannin, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma suka sanar da tallafin dala biliyan 3, wanda biliyan 2 daga ciki na babban bankin Yaman ne.

Mutanen da aka naɗa a ranar, huɗu daga arewa huɗu daga kudu, ba ƙananan mutane ba ne, domin cikinsu akwai Sultan al-Arada gwamnan Ma'rib, da Tarik Saleh ɗan ɗan'uwan tsohon shugaba Saleh, da Aidarus al-Zubaidi jagoran masu neman ɓallewar kudu, da Faraj al-Bahsani gwamnan Hadramaut na lokacin, da Abdullah al-Alimi wanda a lokacin shi ne daraktan ofishin Shugaba Hadi. Hikimar da ke cikin haɗa su a bayyane take: waɗanda ke riƙe da bindiga a fagen daga su zauna a teburi guda maimakon su riƙa yaƙar juna a bayan fage. Marubucin wannan wasiƙa ba ya musun wannan hikima, ba ya kuma neman wanke Shugaba Hadi, domin a zamaninsa ne aka mayar da babban banki Aden a 2016 ma'aikata da yawa suka shiga shekarun rashin albashi, a zamaninsa ne kuɗin ƙasa guda ya zama yana da daraja biyu tsakanin Sana'a da Aden, kuma Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin ya yi sanadin mutuwar mutum 377,000, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta. Saukarsa ta zo a makare. Damuwar tana kan hanyar da aka bi.

Tsarin mulkin Yaman ya faɗi yadda shugaba ke sauka: ya miƙa takardar murabus mai ɗauke da dalilai ga majalisar wakilai, ita ta karɓa da rinjaye, mataimakinsa ya riƙe ƙasa na kwanakin da ba su wuce sittin ba, a yi zaɓe a cikinsu. Babu inda ya ambaci majalisar shugabanci, babu kuma inda ya ba shugaba damar ya ba da amanar da aka ba shi ga wasu mutane kyauta ta har abada. Masu kare sanarwar suna kafa hujja da yarjejeniyar 2011 da tsarin aiwatar da ita, waɗanda aka ɗora a saman tsarin mulki a lokacin riƙon ƙwarya, suna kuma cewa larura tana halatta abin da aka hana, ga shi kuma majalisar wakilan da ake magana tun 2003 aka zaɓe ta, 'yan majalisar sun warwatse tsakanin Sana'a da Aden da ƙasashen waje. Hujja ce mai ƙarfi, kuma rantsuwar da Mai Girma Shugaba ya yi a Aden a ranar 19 ga Afrilu a gaban 'yan majalisar da suka halarta ta rufe wani ɓangare na giɓin. Sai dai 'yan kwanaki bayan sanarwar jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ruwaito, daga bakin jami'an da ba ta bayyana sunayensu ba, cewa an miƙa wa Hadi takardar ne a rubuce aka matsa masa ya amince, sannan aka taƙaita fitarsa da hulɗarsa da jama'a, zargin da ɓangaren Saudiyya ya musanta. Idan ruwayar ƙarya ce, an zalunci masu masaukin da suka ɗauki nauyin gwamnatin Yaman shekara bakwai. Idan gaskiya ce, to hujjar da ta ceci halaccin Hadi a 2015 ita ce za ta tuhumi halaccin waɗanda suka gaje shi. Ko wanne ne, shiru ba ya amfanar kowa sai 'yan Huthi, waɗanda tun ranar farko suka ce majalisar ba a Yaman aka haife ta ba.

Sa hannun mai barin mulki yana da darajar da ko masu ƙwace da ƙarfi sun san ta. Sojojin da suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar a ranar 26 ga Yuli, 2023, sun riƙe fadar da rediyo da barikoki, amma duk da haka sun nemi ya sa hannu a takardar murabus, shi kuma ya ƙi. Birnin Riyad ma yana da nasa darasin, domin a 1964, lokacin da saɓani tsakanin Sarki Sa'ud da ƙaninsa Faisal ya kai maƙura, manyan gidan sarauta da malamai ƙarƙashin Mufti Muhammad bin Ibrahim sun yanke hukuncinsu a fili, aka sanar da jama'a a watan Nuwamba cewa an naɗa Faisal, kowa ya san waɗanda suka yanke da dalilin da suka bayar. Sa'ud ya bar ƙasar, ya rasu a Girka a 1969, aka dawo da gawarsa aka binne shi a maƙabartar Al-Ud ta Riyad inda mahaifinsa yake.

Mai Girma Shugaba, wanda ya yi digirin digirgir a ilimin zamantakewa a Jami'ar Ain Shams ta Masar kuma ya riƙe ma'aikatar harkokin cikin gida daga 2001 zuwa 2008, ya fi kowa sanin yadda shugabannin ƙasarsa suka ƙare. An kifar da Abdullah al-Sallal a 1967. An kifar da Alƙali Abdurrahman al-Iryani a 1974 ya ƙare rayuwarsa a Siriya. An kashe Ibrahim al-Hamdi a Oktoba 1977. Bom ɗin da aka ɓoye a jakar hannu ya kashe Ahmad al-Gashmi a Yuni 1978, bayan kwana biyu kuma aka kashe Salim Rubayyi Ali a Aden. Ƙahtan al-Sha'abi, shugaban farko na kudu, ya shafe sauran rayuwarsa a tsare bayan an tuɓe shi a 1969. Shi kuwa Saleh an ba shi abin da ya wuce kima, domin rigar kariyar ta bar masa jam'iyyarsa da dukiyarsa da biyayyar rundunoni, ya yi amfani da su ya haɗa kai da 'yan Huthi ya rushe gwamnatin wanda ya gaje shi, har su ɗin suka kashe shi a ranar 4 ga Disamba, 2017. Ƙasar da da ƙyar take ganin tsohon shugabanta yana tafiya masallacin unguwarsu da ƙafa, ana gaishe shi yana amsawa, ba abin mamaki ba ne idan duk wanda ya hau kujerarta ya ƙanƙame ta, tun da ya san abin da ke jiransa a ƙasa kabari ne, ko gudun hijira, ko ɗaki a kulle.

Najeriya, duk da tarin matsalolinta, ta ga hanyoyin biyu a jikin mutum guda. Muhammadu Buhari ya bar mulki karon farko a ranar 27 ga Agusta, 1985, lokacin da abokan aikinsa suka kifar da shi suka tsare shi a Benin har ƙarshen 1988. Karo na biyu kuwa ranar saukarsa sananniya ce ga kowa tun ranar da ya hau, saboda tsarin mulkin 1999 ya yanke wa'adi biyu na shekara huɗu huɗu. Tun a Fabrairu 2023 ya kafa kwamitin miƙa mulki ƙarƙashin sakataren gwamnatin tarayya, Boss Mustapha. A ranar 28 ga Mayu ya yi jawabin ban kwana ya nemi afuwar waɗanda manufofinsa suka ƙuntata wa. Washegari aka rantsar da Bola Tinubu a dandalin Eagle Square, shi kuma ya wuce filin jirgi ya sauka Katsina ya nufi Daura, inda jama'a suka riƙa zuwa gaishe shi, masu yabo na yabo masu suka na suka, kuma a gidansa na Daura aka binne shi a Yuli 2025. Mutane na da saɓani mai zurfi kan amfanin mulkinsa, amma babu mai tambaya ko da yardarsa ya sauka. Dokar ƙasar ta kuma tanadar wa tsofaffin shugabanni kujera a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, wadda ke ba shugaba mai ci shawara, da fansho da masu tsaro, abin da ya sa waɗanda suka kifar da juna suke iya zama a zaure guda.

Abin da ake roƙon Mai Girma Shugaba da farko shi ne ya sa a tattara tarihin waɗannan kwanaki tara na ƙarshe a rubuce, daga buɗe taron tuntuɓa zuwa daren sanarwa, a faɗi waɗanda suka tsara takardar, da waɗanda aka tuntuɓa, da hujjar shari'ar da aka dogara da ita, a kuma haɗa da bayanin tsohon shugaban da na makusantansa yadda suka faɗa ba tare da gyara ba, tun da shaidun abin, ciki har da daraktan ofishinsa, an naɗa su cikin majalisar a ranar. A ajiye wannan kundi a hannun majalisar wakilai, a buga shi kowa ya karanta. Haka nan ya dace a kafa dokar da za ta bayyana matsayin duk wanda ya sauka daga shugabanci, ta ba shi gida da tsaro da abin masarufi da 'yancin tafiya da magana a cikin ƙasarsa, ta raba shi da rundunoni da baitulmali, ta kuma bar ƙofar kotu a buɗe ga mai ƙara, domin kada a maimaita sakacin da aka yi da Saleh, kada kuma a maimaita duhun da ya rufe saukar Hadi.

Roƙon da ya fi nauyi ya shafi Mai Girma Shugaba da kansa. Sanarwar 7 ga Afrilu ba ta yanke wa majalisar wa'adi na shekaru ba, ta rataye ƙarshen aikinta ne a kan samun cikakken sulhu ko gudanar da babban zaɓe, kuma irin wannan rataya ce ta mayar da shekara biyun Hadi shekara goma, domin wanda wa'adinsa ke jiran ƙarshen yaƙi, mutane za su zarge shi da son yaƙin ya daɗe ko da zuciyarsa fari ce. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yana cikin ikon Mai Girma Shugaba ya gabatar wa abokan aikinsa da majalisar wakilai ƙa'ida rubutacciya da za ta faɗi shekarun da shugaban majalisar zai yi, da yadda za a zaɓi wanda zai gaje shi ko da yaƙi bai ƙare ba, ya kuma sanar da jama'a ranar da nasa wa'adin zai cika. Idan ranar ta zo, a yi bikin da rana tsaka a ƙasar Yaman, a Aden idan Sana'a ba ta samu ba, ko a Ta'iz mahaifarsa, a gayyaci Saudiyya da sauran maƙwabta su zauna a kujerun baƙi, shi kuma ya miƙa tutar hannu da hannu ga wanda zai karɓa.

Wassalam.